Shirun da ya jiƙa cittar Mama

Jama'a, yau layi ɗaya na kod ya ja mini!

Kun tuna ɗan shirin kwamfuta na Python da na rubuta wa tankin ruwan gidanmu? Yana tambayar sensa, na'urar awon da ke cikin tankin, yawan ruwa, in ya yi ƙasa ya tada injin jawo ruwa.

Mun dawo daga sujada, sai ga tanki yana ambaliya. Cittar da Mama ta shanya duk tana iyo a tsakar gida! Ashe ɓera ya ci wayar sensa. Shirin ya yi tambaya, ba amsa, sai None, wato ba komai. Ni kuwa na rubuta in ba lamba, a ɗauka sifili ne, wato tanki ya bushe.

Mama ta ce, "Bitrus, wa ya kunna injin?"

Na yi mata bayani.

Ta ce, "In na kira ka ka yi shiru, sai in ce ka mutu in kira Fasto? Ba leƙawa nake yi ba?"

Na gyara: in ba amsa, inji ya tsaya.

Tun ɗazu muna tsintar citta, ba ta ce mini uffan ba. Wannan shirun kam ban ɗauke shi sifili ba.