Kwalaben Mama Dakta

Jos zuwa Falgore

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidana a Jos, ɗauke da kula biyu cike da ƙanƙara. Lokacin wata guda ke nan da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. Mama Dakta ce ta aiko in zo Kano. Mutuniyar Sirilanka ce, ta shigo ƙasar nan tun da ƙuruciyarta, ita ta koya mana aikin ƙwayoyin cuta da gwajin garkuwar jiki. Ta yi ritaya za ta koma gida, kuma ni ta zaɓa in gaji ƙwayoyin taifot da ta yi shekara ashirin da biyu tana tarawa a 'yan kwalabe, don binciken rigakafi.

A tasha, Fijo ta cika shida da rabi, naira ɗari uku. Mun karya da shayi da burodi a Saminaka. A dajin Falgore ɗan sanda ya leƙo.

"Mene ne a kula?"

"Ƙanƙara ce, ofisa. Cuta zan ɗauko."

Ya ja da baya, ya ɗaga mana itace. Direba ya ce, "Malam Bitrus, don Allah a dawowa ma ni za ka nema."

Gyadi-Gyadi

Sha ɗaya da minti ashirin muka sauka Unguwa Uku, na hau acaɓa zuwa gidanta. A ƙofar gida na haɗu da Mama Dakta, ta dawo daga karɓo takardun tafiya. Ta ce kwalaben suna firij mai kananzir a sito, don wutar wurin aiki ba abin dogaro ba ce.

Muka shiga tsakar gida. Ga kwalaben nan a jere kan tabarma, suna ƙyalli a rana, babu komai a cikinsu. Hajiya Rabi maƙwabciyarta, wadda kullum ake bar wa makulli, tana zaune da mata uku suna murmushi. Sun zo taya mai tashi gyaran gida, kamar yadda aka saba.

"Hajiya, wa ya wanke waɗannan?" in ji Mama Dakta.

"Mu mana! Haba Mama, ki tafi ki bar abu ya ruɓe a firij, a ce ba ki da maƙwabta? Da tsinke muka riƙa ƙwaƙulowa."

Wallahi raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa. Mama Dakta ta riƙe hannuna, ta juya wurin matan.

"Kun ci abinci bayan nan?"

"Mun ɗan taɓa dambu."

"Da hannu?"

"To da me, Mama?"

Nan na ga fuskarta ta canza. Ta gaya musu cuta ce a ciki, ta sa suka sake wanke hannu, ta tura ni kyamis a Tarauni na sayo magani, muka malala ruwan kashe ƙwayoyi a kwata. Salati ya cika gidan. Ban iya cin komai ba har na isa masaukina a Daurawa, wurin ɗan'uwana.

Komawa

Bakwai na safe na koma sallama. Ta fasa jirgi. Ta ce taifot kan yi mako uku bai nuna kansa ba, ba za ta bar Kano ba sai ta ga matan lafiya.

Na ce, "Mama, ba ki gaya musu aikin shekara ashirin da biyu suka zubar ba."

"Kai ma kada ka faɗa. Taimakona suka zo yi."

Na iso Jos ƙarfe uku na yamma, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Bayan wata guda wasiƙarta ta zo: babu wadda ta kwanta. Har yau Hajiya Rabi tana ba da labarin yadda suka gyara wa Mama gida tas kafin ta tafi.