Taswirar Ƙanƙarar Da Ban Zana Ba

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina aiki a wani ɗaki da ke hawa na huɗu a wata cibiyar binciken teku a Guangzhou, a ƙarshen shekarun casa'in. Ilimin yanayi na karanta a gida, aka turo ni ƙasar Sin ƙaro karatu. Na yi shekara guda ina koyon Sinanci, sannan aka rarraba mu ɗaliban, ni aka kai ni ɗakin binciken ƙanƙara. Ba ni na zaɓa ba, ban kuma yi musu ba, duk da cewa ni Bakano ne, ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake fasawa a jefa cikin ruwan sha da azumi.

Aikin na haɗin gwiwar ƙasashe ne da dama. Can ƙarshen duniya ta kudu teku yana daskarewa, kuma akwai jiragen ruwa da ke kai abinci da mai ga masu binciken da ke zaune a wurin. Wata ƙasa ke da tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto, wata ke auna iska, wata ke da jiragen. Namu kason shi ne mu karɓi hotuna Litinin da Alhamis, mu zana taswirar inda ƙanƙara ta tsaya da inda ruwa ya buɗe, mu yi hasashen inda iska za ta kora ta cikin kwana uku, mu aika ta na'urar fakis. Da wannan takarda kyaftin ɗin jirgi yake zaɓar hanyarsa.

Shugabar ɗakin wata dattijuwa ce Basiniya, 'yar siririya, mai gajeren gashi fari. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗalibina. Tun kafin a haife ni take wannan aiki. Ita ta koya mini bambanta gajimare da ƙanƙara a hoto, don dukansu farare ne, da yadda sabuwar ƙanƙara ke fitowa toka-toka har mutum ya ɗauka ruwa ne. Ba ta yabon mutum. Idan zanena ya yi, sai ta turo mini kwalbar shayinta in zuba. Da ta ga ina fita baranda da tsohuwar jarida in yi salla, sai ta sa aka kwashe akwatunan da ke bayan kabad, ta ce nan wurina ne.

A shekarata ta biyu na lura idanunta sun fara mutuwa. Takan kai fuskarta dab da hoto har hancinta ya kusa taɓa shi, ta ɗora gilashin ƙara girma a kan tabarau. Wata rana na ga ta bi gefen gajimare da fensir tana zaton bakin ƙanƙara ne. Na jira ta fita wanke kofi, na goge, na gyara. Da ta dawo ta daɗe tana shafa takardar da yatsa, ta ji inda aka goge. Daga ranar ni nake zanawa, ita ta yi mini tambayoyi, ta lissafa iska a ka, ta sa hannu. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Na san idan manya suka ji za su sallame ta, kuma a lokacin Turawan da ke cikin aikin sun fara cewa kwamfuta za ta iya abin da muke yi da hannu. Tana tsoron a rufe ɗakin ta dalilinta.

A wannan lokaci ne na haɗu da wani Alhaji ɗan Maraɗi a tsohon masallacin birnin ranar Juma'a. Mutanenmu ba su da yawa a garin a lokacin, don haka da ya ji na yi Hausa sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ɗan kasuwa ne, yana sayen tufafi a kasuwar Shisanhang. Sinancin da ya iya bai wuce laoban, wato maigida, da meyo, wato babu. Nakan raka shi kasuwa ranar Asabar in yi masa tafinta, shi kuma ya ba ni kilishi da labarin gida. Kaɗaici ya dame ni a garin nan, ina jin daɗin zama da shi ƙwarai.

Wata Laraba ya kira ni a wayar cibiya, ya ce kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Huangpu saboda wata takarda, kuma jirgin zai tashi ba ita. Ya roƙe ni in bi shi gobe da safe. Na ce masa Alhamis ranar hotuna ce. Ya ce, "Malam, ba ni da kowa a ƙasar nan sai Allah sai kai." Hotuna ba sa isowa sai bayan azahar, na lissafa zan dawo kafin nan. Na gaya wa Malama, ta ce in tafi.

A Huangpu aka yi ta mayar da mu daga wannan taga zuwa waccan. Ba mu gama ba sai da la'asar ta kawo jiki. Da na hau bene na tarar da Malama zaune, hannuwanta a kan cinya. Ta ce hotuna sun zo da wuri, don wani jirgi yana tsaye a bakin ƙanƙara yana jiran amsa, an kira ta sau uku, ta zana ta aika. Na ɗauki kwafin na ɗora a kan hoton. A gabas ta nuna wata doguwar hanyar ruwa a buɗe. Ba ruwa ba ne, sabuwar ƙanƙara ce, kuma iskar da ke tafe za ta matso da tsohuwar ta rufe bayanta.

Nan take na zana gyara muka aika. Jirgin ya riga ya shiga. Washegari iska ta juya kamar yadda muka ji tsoro, ƙanƙara ta haɗe a kansa gaba da baya.

Kusan sati uku ya yi a wurin. Kullum muna zana taswira muna aikawa, kullum babu kafa. A sati na biyu aka sanar da mu cewa mai dafa abincin jirgin yana fama da ciwon ciki mai tsanani, likitan da ke ciki ya ce sai an kai shi asibiti an yi masa aiki. Hazo ya hana jirgin sama sauka. Mutumin ya rasu kwana biyu kafin hanya ta buɗe. Ban taɓa ganinsa ba, ko hotonsa. An dai ce yana da 'ya'ya mata biyu.

Wakilan ƙasashen suka zo aka zauna. Kafin mu shiga na ce wa Malama zan faɗi cewa na bar wurin aiki a ranar. Ta ce kada in kuskura. Ta ce, "Ni na sa hannu. Idan ka yi magana za su kore ka, ni ma ba za su bar ni ba, kuma wanda ya mutu ba zai dawo ba." Ta shiga ta gaya musu cewa idanunta sun lalace, ta ɓoye. Wani Bature ya tambaya ko akwai wanda ya sani a ɗakin. Ta ce babu. Ina zaune a bayanta, ban ɗaga kai ba.

Bayan wata biyu aka cire cibiyarmu daga aikin, aka mayar da zanen wata cibiya a Turai. Malama ta ajiye aiki. Aka ɗaure taswirorinta na shekara da shekaru da igiya aka kai ɗakin ajiya a ƙasa, inda laima ke cin takarda. Ni aka ba ni shaidar kammalawa. Na rubuta wasiƙa uku gida ina tambayar inda za a sa ni aiki, ba a amsa ko ɗaya ba. Alhaji ya ce in zo wurinsa, na tafi. Na zama tafintan 'yan kasuwa tsakanin kasuwannin Shisanhang da Canaan, ina ciniki a kan wanduna da rigunan yara. Ban gaya masa abin da ya faru a ranar Huangpu ba. Har ya rasu yana yi mini addu'a a kan taimakon da na yi masa.

Sau ɗaya na samu ganin Malama bayan haka, a wani tsohon gida cikin wani lungu a unguwar Liwan. Ta gane ni da murya. Na nemi gafararta, ta ce laifin na wanda ya ɓoye ciwonsa ne. Na ce ni ma na ɓoye tare da ita. Sai ta tambaye ni ko sababbin masu zanen suna yi daidai. Na ce ban sani ba, ba a aiko mana da komai. Ta ce tana ganin hanyar nan ta gabas a cikin kanta, ita kaɗai take gani sarai yanzu.

Da zan baro ƙasar na sake komawa da lemo a leda. 'Yarta ce ta buɗe ƙofa, ta ce mahaifiyarta ta daina karɓar baƙi, ba ta ma fitowa daga ɗaki. Na roƙe ta ta faɗa mata ɗalibinta ne ya zo sallama. Ta shiga, ta ɗan jima, ta dawo ta ce ta faɗa mata, ba ta amsa ba. Na miƙa mata ledar, na sauko.