Ƙullin Baffa

Ni ne mai laifi, ba Baffa ba. Warin wani bunsuru a kasuwar Gummi jiya ya tono mini zancen.

A shekarun tamanin Baffa, yayan mahaifina, yana kiwon wani jan ɗan bunsuru don barbarar awakin unguwa. Da hannu yake ba shi dusa da harawa. Ga tunkuyi, amma da ya ji tarin Baffa sai ya yi laƙwas. Kullum Baffa kan ce, "Kowace ciyawa, ban da gyauron dawa, tohon nan na bayan girbi. Dafi gare shi."

Wata rana na kwance shi daga turke don akuyata, na manta da shi. Ya faɗa gyauro, cikinsa ya kumbura, ko yanka bai samu ba. Na ce ƙullin Baffa ne ya kwance.

Baffa ya daɗe yana duban hannuwansa. "To, tsuhwa ya zo," in ji shi. Bai sake ɗaure dabba ba har ya rasu.

Daga kasuwa na wuce maƙabarta. Ban gane kabarinsa ba, sai na tsaya a bakin shinge.

"Baffa, ni na kwance shi. Hannuwanku lafiya suke. Ku yafe mini, Allah Ya haskaka makwancinku."