Saƙon Fakku da Ya Kwana Shida a Fayil

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da saƙon da ya kwana shida a fayil ba, lokacin da nake aiki a wani ɗan ɗakin karatu na al'umma a Tambuwal. Mu biyu ne ma'aikatan, ni da shugabanmu, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba.

An kai mu bita ta kwana biyu, aka koya mana buɗe shafi a intanet da saka hoto da amsa saƙon masu karatu. Ni dai zaman shan lemo na yi, don tun ina aji huɗu nake danne-dannen waya. Baba kuwa littafi guda ya cika da rubutu, har da zanen inda ake dannawa. Muna dawowa ya kafa doka: duk saƙon da ya shigo shafinmu wasiƙa ce aka aiko wa ofis. Sai na kwafe shi da biro, na sa kwanan wata, na jefa a fayil, na ajiye a teburinsa. Shi zai rubuta amsa, ya sa hannu, ya buga hatimi, sannan in ɗauki hoton takardar in tura. Ko wanda ya rubuto "sannunku da aiki" sai da aka buɗe masa fayil. Wani ya turo hoton babban yatsa kawai, Baba ya sa na zana yatsan.

Ana cikin damina sai ga saƙon wata budurwa daga Fakku, can ƙasar Kebbe. Saura kwana goma ta rubuta jarrabawar shiga makarantar ungozoma, tana neman wani littafin bayoloji, kuma tana so ta tabbatar muna da shi kafin ta kama wannan doguwar hanya. Na kwafe, na ajiye. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. Da na yi magana sai Baba ya ce tawadar hatimi ce ta bushe, ya ba da sautu daga Sakkwato.

Ran na shida haƙurina ya ƙare, dama can ba shi da yawa. Na jawo akwatin katunan littattafai, na ga sunan littafin ɓaro-ɓaro, na ɗauki waya na rubuta mata: "Akwai. Ki zo gobe." Tsakanin kujerata da kantar da littafin ke zama bai fi taku goma ba, amma ban tashi ba. A lokacin gani nake ni ce zamani, Baba kuwa tarihi.

Washegari da hantsi ta iso, bakin zanenta duk caɓo, ta ce kabu-kabu biyu da mota ɗaya ta hau. Na tashi da yanga na nufi kantar littattafai. Babu littafi, sai gurbinsa da saƙar gizo-gizo. Ina tsaye ina ta jan littattafan da ba su yi mini laifin komai ba, Baba ya shigo. Ta gaishe shi, ta nuna masa wayarta. Ya karanta, ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Ke ɗiyata, mi kinka aikata? Ina hatimi ga wanga saƙo?"

Na ce, "Baba, hatimi za ta karanta ko littafi? Kwana shida saƙonta na kwance kana jiran tawada!"

"To ke da ba ki jira tawada ba, miƙa mata littafin mu gani."

Ya buɗe fayil ɗin, ya zaro takarda. Ashe tun ranar farko ya rubuta amsa. Bayan layi takwas na gaisuwa, har da tambayar ya ruwa da lafiyar shanu, ya bayyana cewa littafin na hannun wani malami a Sanyinna shekara biyu ke nan, kada ta taso sai an karɓo. Komai daidai, hatimi kawai ya rage.

Budurwar ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Lallai kun iya aiki. Shi ya san amsa bai aiko ba, ke kin aiko ba ki san amsa ba. Ni kuwa saura min kwana ukku."

Baba ya miƙe. Ya naɗe babbar rigarsa, ya tayar da tsohon babur ɗinsa, ya kama hanyar Sanyinna. Ni aka bari da ita, na sayo mata ƙosai, ta ci ba tare da ta kalle ni ba. Sai bayan azahar ya dawo da littafin, bango ya cire, shafin farko da shatin kofin shayi. Ta rungume littafin ta tafi.

Bayan wata biyu ta rubuto cewa ta ci jarrabawa. Baba ya ce, "Amsa mata yanzun nan, kar ki jira kowa." Har na fara murna, sai ya ƙara da cewa, "In kin gama ki kwafe ki sa ga fayil."

Abin da na koya shi ne, waya ba ta san gaskiya ba, gudu kawai ta iya. Amsar da ke kulle a fayil ba ta amfani kowa ba, amma wadda aka tura ba a duba ba, ita ke ɗora mutum kan hanyar Fakku cikin caɓo. Har yau ba ni da haƙuri, sai dai kafin in danna "tura", nakan tashi in yi takun nan goma.