Barmo da Karen Apo

A benenmu na unguwar Xiaobei a Guangzhou, hawa na tara, idan ka ji ƙarar yagar salatif tun da safe, to Barmo ya fara aiki. Mutumin Maraɗi ne, dogo, kafaɗa kamar ƙyauren gareji. Ya zo Guangzhou da niyyar sati uku, sayen cajar waya, yau shekara goma sha uku sati ukun bai ƙare ba. Sana'arsa ɗaurin kaya. 'Yan kasuwa su kwaso riguna daga kasuwar Baima su jibge masa, ya danne su a buhu, ya naɗe, ya rubuta suna, a kai filin jirgin Baiyun jirgi ya ɗauka. Buhu mai kilo saba'in yakan saɓa shi a kafaɗa yana amsa waya.

To amma wannan ƙaton, nuna masa kare ka sha kallo. In aka shigo lif da ɗan kare, irin na nan mai riga da takalmi, Barmo zai fice ya taka hawa tara da ƙafa, wai motsa jiki yake yi. Kuma ba cizo yake gudu ba. Kakarsa ce ta dasa masa magana tun yana yaro: kare yana ganin abin da mutum ba ya gani, in ya dage da kuka a gida, rakiyar wani yake yi. Ranar da mahaifinsa ya rasu, karen maƙwabta ya wuni yana kuka a gindin katangarsu. Lokacin Barmo yana da shekara tara, kuma har yau ba wanda ya iya cire masa wannan a ka.

Mai gidan da yake haya wata 'yar tsohuwa ce, ƙofarta na kallon tasa, kowa Apo yake ce mata. A shekarar annoba, lokacin da wasu masu gidaje suka riƙa fitar da baƙaƙen fata, ita ta tsaya ƙyam ta ce nata ɗan haya ba inda za shi. Ta riƙa ajiye masa shinkafa da ƙwai a bakin ƙofa. Tun daga nan yake ce mata Inna, ita kuma ta tsokane shi da laoban, wato maigida. Abu ɗaya ya shiga tsakaninsu: karenta Fezai, ɗan ja mai murɗaɗɗen gashi, bai kai girman zakara ba.

Wata Talata da hantsi Apo ta yanke jiki ta faɗi. Da ma'aikatan asibiti suka ɗauko ta, bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Da hannun da ke motsi ta kamo rigar Barmo, ta nuna masa karen. 'Yarta ta tura masa kwandon Fezai, da wata tsohuwar rigar sanyin Apo a ciki, ta bi su da gudu.

Barmo ya sa sandar mofa ya tura kwandon baranda, ya ja gilashi. Sai aka fara. Ba haushi ba ne, wani siririn kuka ne kamar ana goga ƙusa a kwano, ya ɗan tsaya ka ce an gama, ya sake ɗaukowa. Gashin jikin Barmo ya miƙe. Ba sai an faɗa masa wa ake rakiya ba. A lissafinsa, duk kuka ɗaya taku ɗaya ne Inna take yi zuwa lahira, in ya iya rufe bakin karen nan, ta yiwu ta tsaya.

Ya jefa masa kilishin da ko mu bai taɓa sammana ba. Kare ya shinshina ya juya baya. Ya kunna masa waƙar Sinanci a waya, ya zuba masa madara, ya durƙusa ta bayan gilashi yana roƙo.

"Kai bawan Allah, yi haƙuri hakanan. Matar nan ba ta ci maka komai ba."

Washegari ya ga yawu a ko'ina, sai tsabtar malam ta motsa. Ya sa safar hannu, ya wanke kwanon karen sau bakwai, har da ƙasar da ya ɗebo a tukunyar fure. Rigar sanyin ma ya jiƙa ta da omo, ya cuɗe, ya shanya. Daga nan kukan ya canza. Fezai ya ɗaga hanci sama ya riƙa jan wani dogon kuka, irin wanda Barmo ya sani tun yana ɗan shekara tara.

Mas'uda mai tuwo, 'yar Kano da ke hawa na takwas, ta hauro da ludayi a hannu.

"Malam Barmo, yanka shi kake yi ne ko aski? Masu cin tuwona sun ce miya ta ƙi wucewa."

"Hajiya, rufa mini asiri. Gani yake yi."

"Ganin me?"

"Kin san dai. Ba na son in faɗa da bakina."

Ta leƙa baranda, ta ga riga a igiya tana ɗiga. Ta riƙe haɓa.

"Wannan ba rigar tsohuwar ba ce? Innalillahi. Ƙamshin jikinta kaɗai ya rage wa ɗan tahalikin nan, ka sa omo ka wanke. Jiki kamar na raƙumi, wayo ko na kaza babu! Ɗauke shi ka rungume, shi ne magani."

"Ni? Da alwalata?"

"Alwala ai sake ta ake yi, ruwa bai ƙare a China ba."

Ta sauka tana dariya. Barmo bai yi dariya ba. Abin da ya ji shi ne da hannunsa ya ƙara wa kukan ƙarfi. Ya rufe ƙofa, ya daina karɓar kaya, abinci ya ƙi shiga. Sau uku yana miƙa hannu zai ja gilashin, hannun yana dawowa da kansa.

Ranar Juma'a, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kukan ya tsaya cak.

Wanda ya kwana uku yana roƙon shiru, ga shiru ya samu, sai ya lallaɓa bakin baranda a tsorace. Mai rakiya ba ya juyowa sai ya kai baƙo inda za shi. Ya ja gilashin a hankali. Fezai na kwance, ido buɗe, ciki ya lafe. Barmo ya zauna a ƙasa da waya a hannu, lambar 'yar Apo na kallonsa, yatsa ya ƙi dannawa. Karen ya ja jiki, ya ja jiki, ya zo ya ɗora haɓa a ƙafarsa. Gumi ya karyo wa Barmo. Bai janye ba. Can ya ɗora tafin nan nasa mai kama da faranti a bayan karen, ba ko safa, ya ji zuciyar karen na bugawa fat-fat kamar tasa. Ya yi bisimilla ya danna kiran bidiyo.

Wayar ta daɗe tana ƙara. Aka ɗauka. Fuskar 'yar ta fito, idanu sun kumbura. Hoton ya juya, ya ga silin, ya ga ƙarfen gado, ya ga farin zani an ja shi har sama. Barmo ya fara salati da ƙarfi. Wayar ta ƙara matsawa, sai ga kan Apo a kan filo, ido ɗaya a buɗe tarwai. Ta motsa rabin bakinta.

"Fe... zai."

Karen ya daka tsalle ya faɗa cinyar Barmo, ya saki kukan da har hawa na biyu sai da aka ji. Barmo ya rungume shi da hannu biyu, hawaye na bin gemu.

"Yi, ɗan nema, yi! Ƙara! Inna, kina jin sa?"

Apo ta dubi karen, ta dubi Barmo, ta hango rigarta a igiya, ta faɗi wata magana. 'Yar ta rubuto, waya ta fassara: wai me ya sa karenta ya rame, kuma wa ya ce a taɓa mata riga.