Aron Hannu a Ɗakin Wankin Ciwo

Ranar Litinin ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a shekarar 1979, a bayan keken Baba aka ɗora ni daga gidanmu na Yakasai zuwa ƙaramin asibitin yaran da ke kusa da mu, ƙafata ta hagu a miƙe cikin bandeji. Baba bai hau ba, tura keken yake yi a hankali yana kauce wa kwata. Ranar hutu ce, duk zauren da muka wuce akwai rediyo a tsakiyar tabarma da maza kewaye da ita. Kakata Inna tana gefe, ta dafa kafaɗata. Can baya, da tazara mai yawa, mahaifiyata ce ke biye da mu cikin mayafi, kanta a ƙasa. Shekarata tara a lokacin, kuma addu'a ɗaya nake yi a zuciyata, Allah ya sa mu tarar da asibitin a rufe. Akwai zafin wankin ciwo, amma ba shi nake gudu ba. Matar da ke bayanmu nake jin kunya, saboda abin da na yi mata a asibitin nan.

Ni ce 'yar fari a wurin iyayena, kuma a gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari sosai. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Inna, uwar Baba, wanda ke kallon ɗakin mahaifiyata a tsakar gida ɗaya. Ƙannena suna ce mata Umma, ni kuwa Yaya aka koya mini in ce. In tana son in yi wani abu, sai ta ce wa ƙanena, "Ka ce wa waccan ta zo ta kai wa babanku abinci." Sai in ɗauki kwanon a ka in nufi marinar Ƙofar Mata, inda Baba ke rini, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu. Ni ke share tsakar gida da safe kafin in tafi firamare, ni ke jawo wa Inna ruwa a rijiya, da yamma in ɗauki allo. In an sami sarari mu yi 'yar carafke a bakin turmi, ko gaɗa in wata ya yi haske. Wani lokaci nakan tarar da ƙanzon tuwo da ɗan man shanu an rufe da faifai a ƙofar ɗakin Inna. Ba wanda ya taɓa cewa nawa ne. Ni kuma tun ina ƙarama mai yawan saƙe-saƙe ce, sai in ci rabi in bar rabi, don kada ya zamana ba ni aka ajiye wa ba.

Wata la'asar muna guje-guje da 'yar baffana na yi tuntuɓe da itacen murhu, tukunyar talge ta kife a cinyata har ƙwauri. Inna ta yi abin da ta gada, ta aika aka samo gashin zomo aka lulluɓe ƙunar da shi. Kwanaki kaɗan ciwon ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni, Baba ya ce asibiti za a tafi. Ya ce har Yaya ta bi mu, ita da ba ta fita da rana sai da babban dalili.

Mata uku ne ke aiki a ɗakin wankin ciwo. Babbarsu Sista Ladi, doguwa, mai ɗan ɗingishi in ta gaji. Sai Malama Rakiya, gajera mai baki, wadda ba ta rabuwa da tsokana. Sai ƙaramarsu Hajara, mai jiƙa auduga da miƙo kaya. Na lura ba sa yawan magana da juna a kan aiki. Sista Ladi za ta buɗe tafin hannu kawai, Hajara ta sa mata abin da take so. In yaro ya yi wa ɗaya amai a jiki, ɗayar ta karɓi aikin ba tare da an roƙe ta ba. A kan benci kuwa iyaye mata ne jere, kowace da nata a cinya, tana rarrashi tana hura masa iska. Da aka zo kaina, aka kwantar da ni a kan tebur, Malama Rakiya ta duba ciwon ta dubi Inna ta ce, "Inna, yarinya kuka kawo mana ko zomo?" Mata suka yi dariya. Sai aka fara cire gashin da hantsaki, sili-sili, daga cikin nama. Inna ta danne ni iya ƙarfinta, amma na fi ƙarfinta. Ban san lokacin da fitsari ya kufce mini ba. Sai na hango mahaifiyata tsaye a bakin ƙofa, na miƙa mata hannu biyu, na buɗe murya gaba ɗaya na kira ta da sunan da ba nawa ba ne in kira, na ce, "Umma, ki zo." A gaban surukarta, a gaban matan unguwa da suka san mu. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita.

Daga ranar ba ta sake bin mu ba. A gida labari ya riga mu isa, matan baffannina suna ganina su ce, "Ga 'yar Umma nan." In Yaya za ta wuce ƙofar ɗakin Inna sai ta ƙara sauri, ni kuma in juya fuska bango. Na ƙudurta a raina cewa na tozarta ta, kuma ko ɗan abin da ke tsakaninmu a ɓoye na ɓata shi. A asibiti kuma abin ya ƙi gaba. Ina fizge-fizge, Inna ba ta iya riƙe ni, gashin bai gama fita ba, ciwon yana ƙara ruwa. Wata safiya Hajara tana goge mini fuska ta tambaye ni a hankali ko wadda ta fita ran nan ita ce ta haife ni. Na ɗaga kai. Ta ce, "Ke ce ta fari?" Na sake ɗaga kai, hawaye na zuba. Na ga ta je ta faɗa wa sauran biyun wani abu a bakin famfo, su uku suka haɗa kai suna wanke hannu. Da za mu tafi Sista Ladi ta ce wa Inna, "Ran Litinin hutu ne, masu taya mu ba za su zo ba. Ki taho mana da mai ƙarfi, kuma mace, tunda cinyar yarinya ce." Inna ta san mace mai ƙarfi da Baba ke da ikon fitarwa daga gidan guda ɗaya ce.

To, ba a rufe asibitin ba ranar Litinin ɗin. Muna shiga Malama Rakiya ta tare Inna da wani jariri mai tsala kuka, ɗaya daga tagwayen wata yarinya da ta rasa yadda za ta yi da su. Ta ce, "Inna, ke ce maganinsa, duk mun gaza. Mu je baranda ki nuna mana yadda ake yi, in ya so ki faɗa mini wa kika jefa wa ƙuri'a a zaɓen nan." Inna ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da surutu," amma ta karɓi yaron ta bi ta. Hajara ta jawo labulen nan mai ƙafafu ta kewaye tebur da shi. Sista Ladi ta leƙa ta yafito mahaifiyata, ta yi mata magana kamar yadda take yi wa ma'aikata, ba dariya. Ta ce, "Malama, aron hannu za ki ba mu. Hau nan ki zauna, ki jingina ta a ƙirjinki, ki zagayo da hannuwanki ki riƙe sosai. Kada ki saki sai na ce." Ba ta ce 'yarki ba, ba ta ambaci sunana ba. Aiki ta ba ta, kuma ba a jin kunyar aiki.

Na ji jikinta a bayana. Ƙanshin hayaƙin itace da man kaɗanya ne a mayafinta. Na runtse ido don kunya, ina jiran in ji ta ture ni. Da hantsaki ya taɓa naman na zabura, sai ta ƙara matse ni, ta ɗora haɓarta a tsakiyar kaina. Bismillah take ta maimaitawa can ƙasa. Na yi kuka, amma ban fizge ba, kuma ranar aka gama tsince gashin. Hajara ta shafa mini shuɗin maganin nan tana cewa, "'Yar marina, yau mu ma mun rina ki." Sista Ladi ta daɗe tana naɗa bandejin, ta kwance ta sake naɗawa, alhali na farkon ba abin da ya same shi. Sai da ta gama ta ce, "Kina iya saki." Kafin a janye labule Yaya ta riga ta koma bakin ƙofa ta tsaya kamar ba ita ba.

Hutu ya wuce, masu taya su suka dawo, amma kullum Sista Ladi sai ta ce hannu ya yi musu kaɗan. Kullum kuma Malama Rakiya na da abin da za ta ja Inna waje da shi, yau jariri, gobe tambayar yadda ake jiƙon maganin ciwon shawara. Wata rana a hanyar gida Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Wannan asibiti dai kullum ba su da hannu." Amma washegari ita ta fara ɗaukar mayafi ta ce a kira mai riƙon. Da ciwon ya warke muka daina zuwa, gida ya koma yadda yake, na koma "waccan". Abin da ke damuna har yau, ban taɓa yi wa matan nan godiya ba. Tun ranar fitsarin ban iya haɗa ido da su ba, takalmansu farare na fi sani a kan fuskokinsu.

Yanzu in na raka 'yata asibiti da nata ɗan farin, sai in ga ta rungume shi a bainar jama'a tana kiran sunansa tana sumbatar goshinsa. Nakan sunkuyar da kai don kunya, nakan kuma ji wani abu mai kama da kwaɗayi. Nas-nas na yanzu suna fama da layi har waje, ban ga laifinsu ba in ba su da lokacin karantar abin da uwa ta kasa faɗa. Yaya ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, Allah ya ji ƙanta, ya saka wa matan nan uku da alheri duk inda suke. Duk abin da na sani na ƙirjin uwata, a bayan labulensu na san shi.