Ranar da Kwamfuta Ta Tuhumi Gwangwanin Hajiya

Ko na manta da komai na zamana a gidanmu na Ƙofar Ruwa, ba zan manta da ranar da kwamfuta ta kusa hana surukata zuwa Umara ba. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a ranar har hawaye na share.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ba ta barin magani a kati ko a kwali. Da an ba ta, sai ta ɓare ƙwayoyin ta juye a wani tsohon gwangwanin madara. Sunan da Bature ya sa musu bai dame ta ba, da sunan wanda ya ba ta take kiransu. Akwai na likita mai gemu, akwai na ƙawarta ta Soron Ɗinki, akwai wasu jajaye na marigayi mijinta, waɗanda ta ce ba za ta zubar ba saboda albarka.

Da tafiyarta ta matso, aka gargaɗe mu cewa akwai magungunan da in aka kama mutum da su a filin jirgin can, sai dai ya yi ibadarsa a tsare. Hajiya kuwa ta ce ko unguwa ba ta zuwa ba gwangwaninta, balle Makka.

Sai ƙanwar maigidana ta ce a bar mata. Aikin kwamfuta take yi, kuma ta sha yi mini bayaninsa: akwai manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke binciko rukunin kowane magani, na hawan jini ne, na barci ne, ko wanda hukuma ta hana. Manhajar tana bin wani rubutaccen bayani ne da ke koya mata yadda za ta yi binciken, ita kuma aikinta ta duba bayanin nan ta ba shi maki. Ta ce wannan bayanin dai ta riga ta duba shi, ta ba shi maki mai kyau, Turancinsa tsaf.

Bayan la'asar muka baje ƙwayoyin a faranti a tsakar gida. Tunda babu kwali, sai ta riƙa rubuta sunan da Hajiya ta faɗa, da launin ƙwayar. Ni na ɗauka na'urar za ta ce a je a zo da sunan gaskiya. Ai kuwa sallama ta fara yi, da Hausarta, abin da ya sa Hajiya ta gyara mayafi ta ce wannan ya sami tarbiyya. Daga nan ta shiga ba da amsa ba ko gargada.

Na likita mai gemu, ta ce na tsirar da gashi ne. Na ƙawar Hajiya ta ce na masu neman haihuwa ne. Hajiya, wadda jikokinta ma sun aurar, ta dubi farantin ta ce ita dama ta san matar nan ba ta taɓa ƙaunarta ba. Har nan muna ƙunshe dariya. Da aka zo kan jajayen marigayi, sai na'urar ta ce suna cikin rukunin masu sa maye, kuma riƙe su laifi ne.

Hajiya ta ajiye carbinta, ta ce, "Ashe ni 'yar ƙwaya ce ban sani ba. Da wace fuska zan tsaya gaban Ka'aba?"

Ta shige ɗaki, ta fara zazzage jakar tafiyarta. Ta ce in raba wa maƙwabta fararen hijaban da aka ɗinka mata. Ganin tsohuwar da ba ta taɓa wasa da nafila ba tana istigfari a kan laifin da ba ta yi ba, shi ya sa ni kuka.

Ƙanwar maigidana ta koma ta karanta bayanin a hankali. Can ta dafe kai. Ashe an rubuta cewa kowane suna aka bayar, a kawo amsar da ta fi kusa da shi. Ba inda aka ce in ba a samu ba, a ce ba a samu ba. Ta ce mini, "Anti, ni kyan rubutun na duba. Ban taɓa tunanin akwai mai kiran magani da sunan mijinta ba." Don ta gwada, ta rubuta na mai kayan miya, kore. Na'urar ta ce na ƙarin jini ne.

Washegari muka kai gwangwanin asibiti. Likita ta ce jajayen na ƙarin kuzari ne, sun ma daɗe da lalacewa, ta karɓe duka ta rubuta sababbi. Muka ɗauka magana ta ƙare. Hajiya ta ce sam, likita kara take yi mata. Wanda ya yi mata ƙazafi a gaban surukarta, shi zai wanke ta a gaban surukarta, in ba haka ba ba inda za ta.

Dole 'yarta ta gyara bayanin a tata kwamfutar, ta kuma rage makin da ta bayar. Aka sake shimfiɗa tabarma, aka kira ni shaida, aka sake rubuta na marigayi, ja. Na'urar ta yi sallama, sannan ta ce ba ta san wannan magani ba, a tambayi likita.

Hajiya ta dubi na'urar, ta ce, "To, ɗan nan, da ka faɗi haka tun farko, wa zai dake ka? Je ka, na yafe maka." Ta juyo ta ce in bi maƙwabta in karɓo mata hijabanta. Wata ma ta riga ta sa nata zuwa suna, a wuyanta na roƙo shi.

Hajiya ta yi Umararta lafiya, magungunanta a kwalinsu. Ni kuwa tun ranar na fahimci dalilin da malamarmu ta Islamiyya take yawan cewa Allahu a'alam. Mutum ne ko na'ura, duk wanda ba a koya masa cewa "ban sani ba", ina jin tsoron amsarsa, komai daɗin sallamarsa.